Zaman Mai Tulu Bisa Dutse

Isa,
4 ga Yuni, 1973.

Alhassan,

"Na yi alkawari tsakanina da Allah, abin da Gwaggo Hajjo ta faɗa game da zaman dutse ba zai shiga kunnen kowa ba muddin tana numfashi. Na ajiya ne, don jikoki." Rubutunka ne, da jan biron da nake duba aikin yara, a bangon littafin tarihin da ka ara ka maido mini da tabon miya. Ka sa hannu, ka sa kwanan wata, shekara uku ke nan. To, Gwaggo tana numfashi. Na ga ya kamata in fara da wannan labari, tunda da alama bai iso Kaduna ba.

Bayan haka, gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka Binta da yara. Mu nan sai godiya, in an cire abin da kowa ya sani. Ba a ga ɗigo ba har yau. Gulbi ya zama hanyar jakuna. Mutanen arewa suna ta ƙetarowa da fatun shanunsu a ka, ba mai saye. Ajina na yara arba'in ya koma goma sha tara. Mahaifiyarka, Inna Kadijatu, tana lafiya a ƙauyenmu Gindin Dutse, ƙafar ce kawai ke damunta.

Kai Hajjo dangi ce ta nesa gare ka, don kakanka Na'Allah ƙanen kakana ne. Ni kuwa yayar ubana ce, ita ta goye ni, ita ta kai ni makaranta lokacin da ake zagin mai yin haka. Saboda haka ka yi haƙuri in tuna maka abin da ka ɗauka daga ɗakinta.

Labarin da kowane yaro ya sani a ƙauyenmu shi ne, da birnin Alƙalawa ya faɗi a yaƙi, kakanninmu suka gudu da ƙishi har suka iske dutse guda tsaye cikin fako, gabas da inda Kurawa take. Wata mace ta hau da tulu ba komai cikinsa, ta sauko da shi cike. Ta ce wurin yana da mai shi, kuma ba ta son a kira sunanta, sai aka riƙa ce mata Ta-Bisa. Tun daga nan, kowace shekara kafin shuka, mace ɗaya ta gidanmu ke hawa ta zuba mata ruwa da nono. Ita ce Mai Tulu. Hajjo ce ta yanzu, ko da yake shekara ashirin ke nan da liman ya hana, ta bari, ta kama carbinta. Duk da haka ba su daina ce mata 'yar bori ba, kuma har yau akwai matan da ba su cin tuwon hannunta.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne wanda ta faɗa wa rikodarka ina zaune. Ta ce in sama ta ƙi, akan ɗauki Mai Tulu a zaunar da ita bisa tsurar dutse, ba inuwa ba ruwa, har Ta-Bisa ta ji tausayin baiwarta ta saki ruwa. Shekaru da yawa gidanmu ya binne wannan magana, har ta fita daga kan mutane. Kai ka tono ta, ka sa ta cikin shirinka na ranar Laraba bayan la'asar, da goge a bayanta. Ka ce can zamanin Alƙalawa wata Mai Tulu ta yi kwana uku bisa dutsen, sai hadari ya taso, har muka ji ruwan yana zuba cikin rediyo. Ba ka sake wa ƙauyen suna ba. Ka ma ƙara da cewa Mai Tulu ta yau tana nan da ranta, "tsohuwa mai fara'a". Rabin garin yana zaune gindin tsamiya, gaban rediyon mai unguwa Bawa.

An yi roƙon ruwa sau uku, ba a samu ba. Ranar Alhamis ta makon jiya da wadda ta gabace ta, maza suka zo ƙofarta da sallama da ladabi, suka ɗora ta bisa ƙyauren ɗaki, suka hau da ita. Daga hantsi har la'asar. Ka san dutsen nan, ko ƙadangare ba ya tsayawa bisansa da azahar. Shekarunta saba'in da uku. Liman Wada ya tafi ta'aziyya Turba duka ranakun biyu, ban san mutanen Turba suna zaɓar Alhamis su mutu ba. Da na tuhumi Bawa, ya ce ba su suka ƙaga ba, rediyo ya faɗa, kuma ɗan gidan ne ya faɗa da bakinsa.

Sai ka yi murna, al'adarka ta farfaɗo.

Ka zo ka tsaya gabansu ka ce gishiri ka ƙara. In ba ka iya zuwa, ka faɗa ta inda ka faɗi na farko. Ina jiran amsa da motar farko.

Yayarka,
Ruƙayyatu.

*

Kaduna,
27 ga Yuni, 1973.

Zuwa ga Yaya Ruƙayyatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi ƙyanda, ta kuma warke. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ban manta da man zafin ƙafarta ba. Ki yafe mini jinkiri, mun yi mako biyu muna yawon ɗaukar waƙoƙin masunta, na dawo na iske takardarki ƙarƙashin tarin wasiƙun masu saurare.

Yaya, har yanzu alƙalaminki yana da kaifi kamar lokacin da kike duba mini insha'i. Amma na karanta takardar sau biyu, kuma ƙarƙashin faɗan na ga labari mai daɗi. Inda kika ce al'ada ta farfaɗo, na karanta wa shugaban sashenmu, ya miƙe ya ba ni hannu. Ki duba fa. Matar da aka yi shekara ashirin ana ƙyama, yau maza ke ɗaukarta a kafaɗa, da sallama da ladabi, ke da kanki kika rubuta. Wane ne ya maido mata da wannan daraja? Tsofaffinmu sun fi mu ƙarfi, sun saba da rana, ba kamar mu da fanka ta lalata ba.

Game da alkawari, bara an gaya mini Gwaggo ta kwanta ciwo har an fid da rai, na kuwa ji tsoron a rasa abin. Ke malama ce, kin san tarihi ba na gida ɗaya ba ne. Wasiƙu sun zo mana daga Maraɗi, daga Tawa, har daga Agadas, wasu suna cewa su ma suna da irin dutsen. Saboda wannan shirin ne aka sa sunana cikin waɗanda za su tafi kwas ƙasar waje a ƙarshen Agusta. Sunan gidanmu ne ya tashi.

In ce gishiri na ƙara, ai kashe kaina ke nan a wurin aiki, kuma ba gaskiya ba ne, daga bakinta aka ji zaman dutse.

Ina da roƙo biyu. Ki rubuto mini waƙar da suke yi lokacin hawa, in akwai, da yadda suke jeruwa, da wanda ke gaba. Kuma ki yi wa Bawa magana kada a daina kafin in samu zuwa da rikoda, ko sau ɗaya ne. Na ba Amiru direba lema sabuwa da shayi da sukari ya kai wa Gwaggo.

Ƙanenki,
Alhassan Na'Allah.

*

Isa,
10 ga Yuli, 1973.

Alhassan,

Gaisuwa. Na yi murna da ƙaramar ta warke. Innarka tana nan, ta gode da alkawarin man zafi, na ce mata ta ajiye shi tare da sauran alkawuranka.

Lema ta iso. Kyakkyawa ce. Bawa ke riƙe ta yanzu, yana zaune ƙarƙashinta a gefen dutse yana gadin kada wani ya kai wa Gwaggo ruwa. Ka aika wa matar da aka hana inuwa da lema, kai da ka karanta wa duniya cewa sharaɗin zaman shi ne ba inuwa. Na daɗe ina koyarwa, na ga daƙiƙai iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya rubuta darasi da hannunsa ya kuma faɗi jarrabawarsa ba.

Ka tambayi waƙa. Ba su yin waƙa. Ba su ma duban juna. Mutum huɗu ke ɗaukar ƙyauren, ana canza su kowane mako don kada a ce wane ne. Wanda ke gaba shi ne wanda ya fi jin kunya, don ya fi kowa sauri. Ka sa wannan cikin shirinka.

Cikin mako ukun da takardata ta yi tana barci a teburinka, ga abin da ya faru. Na kai ƙara ofishin hukuma a Sabon Birni, aka haɗa ni da ma'aikaci guda muka je ƙauyen. Ya tambayi Gwaggo ko tilasta mata ake, ta ce a'a, da son ranta take hawa. Ya rufe littafinsa ya sha ruwan da aka ba shi ya tafi. Ta san in ta ce tilas ne, rijiya ɗaya ta rage a garin, kuma ba za a bar guganmu ya sake shiga cikinta ba.

Ranar Alhamis ashirin da ɗaya ga Yuni na bar yara da wata malama na je. Da azahar na hau. Ba wanda ya taɓa ni, kunyar malama ta hana su. Na iske ta zaune inda suka aje ta, ta rufe fuska da gefen zane, tana jan carbi. Na goya ta kamar yadda ta goye ni, ba ta kai nauyin ɗan aji uku ba. Muna tsakiyar gangara sai iska ta juya, gajimare ya haɗu, aka yi yayyafi. Ya jiƙa ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa, ya ɗauke.

Da ma bai zo ba. Washegari duk garin ya fita da irin da aka ɓoye, wanda uwaye suka hana 'ya'yansu ci tun watan uku. Suka shuka shi duka. Ya tsiro, kore shar, kwana takwas, rana ta ƙone shi. Yanzu ba iri ba abinci. Kuma sun samu bayani: Ta-Bisa ta fara jin tausayi, ni na sauko da baiwarta kafin ruwan ya cika. Kafin yayyafin nan rabinsu suna shakka. Yanzu ko liman ya daina zuwa Turba. Sun ƙara Litinin bisa Alhamis, sun sa samari a bakin hanyar hawa saboda ni.

Fatar cinyoyinta ta saluɓe, sai a rub da ciki take kwana. Idonta na hagu ya daina gani. Ina shafa mata man shanu ranar nan, sai ta tambaye ni, a hankali, kamar mai tambayar farashin gishiri:

"Shi yaron nan, bai sa musu ƙarshen ba?"

Na ce ƙarshen ai shi ne ruwa ya sauko.

"Ruwa? Wa ya ce mishi ruwa?"

Nan na tuna. Ranar da ka ɗauki maganarta, tana gama faɗin zaman dutse ta aike ni gidan Innarka in karɓo fura, ni da furfurata, alhali ga yara a tsakar gida. Na dawo na iske ka kana naɗe waya, fuskarka kamar ka ga gawa. Na ɗauka zafi ne.

Ka san ƙa'idar, kowa a garin ya san ta: Mai Tulu ba ta faɗin yadda wadda ta gada ta mutu, sai ga wanda zai gaje ta. Wannan faɗin shi ne miƙa tulu, ba wani biki. Na roƙe ta ta gaya mini abin da ta gaya maka. Ta juya fuska bango.

"Na kai ki makaranta don kada ki ji shi. Na zuba shi cikin akwatin yaron, na ce ya tafi nesa ya mutu can. Ashe akwatin yana da baki."

Saboda haka akwai ƙarshe, yana cikin tef ɗinka, kuma ba ruwa ba ne. Ka yanke shi ka liƙa naka. Ba na neman ka ce ka yi ƙarya kuma. Ka sa muryarta, daga inda ka yanke har inda ta yi shiru, ranar Laraba, a lokacin da Bawa ke kunna rediyo. Kada ka rubuto mini shi. Ka ji abin da na ce: kada ka rubuto mini shi. Ta ba da rayuwarta don kada in sani.

Ruƙayyatu.

*

Kaduna,
25 ga Yuli, 1973.

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Gwaggo sannu. Wallahi ban san abin ya kai haka ba. Na kwana biyu ban ci abincin kirki ba, Binta shaida ce.

Kin ce in sa ƙarshen. Ba ki san abin da kike nema ba, shi ya sa dole in gaya miki, don ki yi mini adalci.

Ba zamanin Alƙalawa aka yi zaman ba, ni na mayar da shi can. A yunwar Kakalaba aka yi, Gwaggo tana 'yar shekara goma sha uku. Mai Tulun lokacin ita ce mahaifiyarta, Fatu, kakarki, wadda aka gaya miki yunwa ta kashe. Mijinta ya tafi cin rani. Ƙanensa, kakana Na'Allah, shi ya kawo shawarar, shi ya ɗauke ta a kafaɗa ya hau da ita. Aka zaunar da Gwaggo a gindin dutse da tulu cike da ruwa, aka ce in sama ta zubo ta hau ta ba uwarta. Kwana biyu tana jin uwar tana kiran sunanta. Rana ta uku ba ta ji komai ba. Ruwa bai zo ba, a shekarar nan kaf bai zo ba. Garin ya watse, waɗanda suka dawo ba wanda ya sake ta da maganar. Daga bakinta na ji wannan, ni kaɗai a ɗakin, sai rikoda.

To ki gaya mini, ta yaya za ni sa wannan? Sunan da nake sa hannu da shi ke nan a ciki. Innata tana zaune cikin mutanen nan. Kuma in na sa, kowa a nan zai gane na gyara na farko. Ruwan da kuka ji, gero ne muka zuba bisa kwanon rufi a ɗakin ɗauka, haka ake yi ko'ina, ba wani abu ba ne. Amma in aka haɗa shi da wannan, ba kwas ba aiki. Ina da 'ya'ya huɗu.

Na yi tunani sosai, ga abin da na gani. Yanzu ke ma kin sani. Ke ce jininta mafi kusa, kina kusa da garin, suna jin kunyarki, kuma kin fi ni iya magana. Ki tara su ki faɗa musu da bakinki, ba sai kin ambaci sunan kowa ba. Abin gida a gida ya kamata ya ƙare. In na dawo daga tafiya, in Allah ya so, za ni zo da kaina mu zauna.

Ki ƙone wannan takarda in kin karanta.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Alhassan.

*

Gindin Dutse,
6 ga Agusta, 1973.

Alhassan ɗan Na'Allah,

Gaisuwa, don an koya mini fara takarda da ita. Ka gaida Binta, ka ce mata ta riƙa matsa maka ka ci abinci. An yi hutu, na dawo nan gaba ɗaya. Gwaggo tana da rai. Ba ta gane kowa sai da murya, kuma tun shekaranjiya take kirana Inna, kamar ni ce uwarta.

Na ce kada ka rubuto, sau biyu na faɗa, ka rubuto. Ba don in yi maka adalci ba. Ka zauna ka auna: in Ruƙayyatu ta tsaya gaban maza ta faɗi yadda Fatu ta mutu, me za su ji? Ba za su ji cewa ruwa bai zo ba. Za su ji cewa ga wadda aka gaya wa, ga magajiya, jinin Hajjo, mai sauran ƙarfi a jiki, za ta fi tsohuwa daɗewa bisa dutse. Ka naɗe tulun cikin ambulan ka liƙa masa kan sarki ka aiko mini, sa'an nan ka ce in ƙone shaidar inda ya fito. Kakanka ya fi ka. Shi a kafaɗarsa ya ɗauka, da rana, kowa yana gani.

Gero kuma. Na karanta wurin nan na aje takardar na fita waje. Jiya na ga matar Bawa tana tone gidan tururuwa tana tsince ƙwayar da suka tara. Mudu nawa kuka zuba bisa kwanon? Kun share kun zubar, ko wani ya kai wa kajinsa?

Ban gaya wa Gwaggo na sani ba, kuma ba za ni gaya mata ba. Abu ɗaya ya rage mata a duniya, tana tsammanin ta tsirar da ni.

Ga inda ake. Dattawa sun zauna ranar Juma'a. Sun ce kuskurensu shi ne zaman rabin yini, alhali rediyo ya ce kwana uku. Sun sa ranar Alhamis, goma sha shida ga wata. Za a hau da ita, ba za a sauko da ita ba sai da ruwa. Wasu kuma suna cewa Ta-Bisa ta gaji da wannan, ta tsufa, tausayinta ya ƙare, sabuwa take so. Sau uku Bawa ya durƙusa bakin gadonta yana tambaya wa ta gaya wa. Ta yi kamar ba ta ji.

Ka ce ban san abin da nake nema ba. Na sani. In muryarta ta fito daga rediyon nan tana faɗin mutuwar uwarta, kowane mai kunne a gindin tsamiya ya ji daga bakin Mai Tulu. Bawa ya ji, liman ya ji, matansu na bayan darni sun ji, Maraɗi da Agadas ɗinka sun ji. In duk duniya magada ne, ba wanda za a ɗora bisa ƙyaure. Kuma rediyo kaɗai suke yarda da shi yanzu, kai ka koya musu. In ya ce musu an taɓa yi har aka kashe mace ruwa bai zo ba, za su ji kunya su watse, da ma da kunya suke hawa. Minti nawa ne? Biyar? Ka taɓa ba mai kiɗan gurmi ashirin.

Kada ka ce mini tef ɗin ya ɓace. Na san ka, har takardun jarrabawarka na firamare suna cikin akwatinka.

Amiru zai sa maka wannan a hannu jibi, zai kuma tsaya har ka buɗe gabansa, don kada ta kwana ƙarƙashin wasiƙun masoyanka. Kana da Laraba guda, goma sha biyar ga wata. Bayan la'asar za ni zauna gindin tsamiya kusa da rediyon Bawa, takardarka tana cikin jakata, don ban ƙone ta ba. In na ji muryar Gwaggo, za ni sa ta a murhu a ranar, kuma ba za ka sake jin sunan kakanka daga bakina ba. Abin da zai same ka a wurin aiki, kai da masu ba ka hannu.

In na ji goge da wani labarin masunta, to ranar Alhamis da sassafe za ni riga su zuwa bakin hanyar hawa. Za ni karanta musu takardarka daga "Yaya" har "mai ƙaunarki". Ba za ni ƙara kalma ba, ba za ni rage ba, ban iya aikinka ba. Na san ba za su yarda da sashen da ya ce ruwa bai zo ba, za su ce boko ne da ƙaryar takarda. Amma akwai layi ɗaya da suke nema tun wata guda, kuma ka rubuta shi da kyakkyawan rubutunka: "Daga bakinta na ji wannan, ni kaɗai a ɗakin."

Watakila duk da haka ni za su ɗauka. Na auna wannan, na kuma yarda, in dai za a bar ta ta mutu bisa gadonta. Amma mutanen nan sun iya lissafin dangi fiye da ni da kai. Ni a takarda na gani, kai a bakinta ka ji. Tulu ba na namiji ba ne, kuma Kaduna ta yi musu nisa. Za su nemi macen da ta fi kusa da kai. Ba za ni ambaci sunanta ba. Gida uku ne tsakaninta da dutsen.

Na je wurinta jiya. Ta ba ni rabin furarta, ta rantse ta ƙoshi. Ta ce in na rubuta maka in ce ta ji muryarka ranar Laraba, ka yi mura, ka riƙa rufe ƙirji. Ta ce ƙafar ta matsa mata, ko bakin rijiya ba ta iya zuwa yanzu, balle hawa wani wuri. Na ce mata kada ta damu da wannan. Ƙyauren yana nan jingine a zauren Bawa, kuma ba ta fi Gwaggo nauyi sosai ba.

Laraba, bayan la'asar.

Ruƙayyatu.